Yadda ake auna zafin da sinadarai ke fitarwa ko shanyewa idan sun haɗu

Duk lokacin da sinadarai suka haɗu suka rikiɗe zuwa wani abu dabam, makamashi yana sauya mazauni, kuma galibi ta hanyar zafi ake gane hakan. Wani haɗin yakan ɗumama abin da ke kewaye da shi, wani kuma yakan sanyaya shi har mai gwaji ya ji sanyin a tafin hannunsa ta jikin kofi. Masanin sinadarai na ƙasar Faransa, Marcellin Berthelot, shi ne ya raɗa wa nau'o'in biyu sunayen da ake karantawa a littattafai, wato ekzotamik ga mai fitar da zafi da endotamik ga mai shanye shi. Haddace sunayen ba shi da wuya. Abin da ke ba ɗalibi wahala shi ne ya ɗauki kofi da ma'aunin zafi ya fito da adadi na gaskiya, ya kuma san dalilin da ya sa aka sa wa adadin alamar ragi ko ta ƙari.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin kusan duk kuskuren da ake yi a wannan aiki daga manta ta yake tasowa: ma'aunin zafi ruwan da ke cikin kofi yake aunawa, ba sinadaran da ke sauyawa ba. Idan ruwan ya ɗumama, to sinadaran ne suka yi asarar makamashi suka ba shi. Idan ya yi sanyi, to ƙwace masa suka yi. Ruwan shaida ne kawai, kuma aikin mai gwaji shi ne ya tabbatar babu wanda ya sace wani kaso na zafin kafin shaidan ya faɗi abin da ya gani.

Abubuwa uku da za a daidaita kafin a taɓa kwalba

Na farko shi ne bambancin zafi da matakin zafi. Matakin zafi, wanda ake aunawa da digiri Salsiyas, yana nuna yadda ƙwayoyin abu suke motsi da ƙarfi a matsakaici. Shi kuwa zafi makamashi ne da ke ƙaura daga abu mai matakin sama zuwa mai matakin ƙasa, kuma da jul ake auna shi, sunan da aka ɗauko daga James Joule na Ingila wanda ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki da zafi abu guda ne a siffofi biyu. Tartsatsin da ke tashi idan ana goga ƙarfe yana da matakin zafi mai tsanani, amma da wuya ya ƙona fata domin makamashin da ke cikinsa kaɗan ne, alhali bokitin ruwa mai ɗumi-ɗumi yana ɗauke da makamashin da ya ninka na tartsatsin sau dubbai. Abin da ke haɗa waɗannan biyu shi ne adadin da ake kira ƙarfin riƙe zafi. Ga ruwa, ana buƙatar jul 4.18 kafin a ɗaga giram ɗaya da digiri ɗaya. Wannan adadi shi ne ginshiƙin dukan lissafin da zai biyo baya.

Na biyu shi ne mol. Sinadarai ba da giram suke mu'amala da juna ba, da ƙwaya suke yi, ƙwaya ɗaya da ƙwaya ɗaya ko ɗaya da biyu, gwargwadon abin da lissafin haɗin ya nuna. Tun da ba za a iya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ba, sai aka tara su a dunƙule guda mai ɗauke da ƙwayoyi kusan 6.022 × 10²³, aka kira shi mol. Nauyin mol ɗaya na kowane sinadari ana samunsa ne ta tara nauyin atam-atam ɗin da ke cikinsa. Sodiyam haidiroksaid, NaOH, yana da sodiyam mai 23 da iskar oksijin mai 16 da haidirojin mai 1, saboda haka mol ɗaya nasa giram 40 ne. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne.

Na uku shi ne ƙarfin ruwan sinadari, wato yawan mol da aka narkar a cikin lita ɗaya. Idan aka ce ruwan asid yana da ƙarfin mol 1.0 a lita, to mililita 50 nasa yana ɗauke da mol 0.050, domin 50 kashi ɗaya ne cikin ashirin na 1000.

Mataki na farko: tanadar kayan aiki da kariya

Ana buƙatar kofin soso na folistirin guda biyu, a zura ɗaya cikin ɗaya, da murfi mai ƙaramin rami inda ma'aunin zafi zai shiga. Dalilin zaɓen soso a kan gilashi shi ne yana cike da iska a ƙananan ramuka, ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, kuma shi kansa ba ya shan zafin da ya taka kara ya karya domin ba shi da nauyi. Gilashi kuwa yakan sha rabonsa kafin ma'auni ya ga komai. Sai a ajiye kofunan a cikin bika, wato mazubin gilashi na ɗakin gwaji, mai faɗi don kada su kife, domin ma'aunin zafi ya fi kofin nauyi kuma yakan rinjaye shi. Ma'aunin da ya dace shi ne wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na digiri, ko aƙalla kashi biyu cikin goma, saboda sauyin da za a gani bai wuce digiri shida ko bakwai ba, kuma ma'aunin da ba ya nuna sai cikakken digiri zai iya jawo kuskuren da ya haura kashi goma cikin ɗari. Za a kuma buƙaci silinda ta awo guda biyu, ɗaya ta asid ɗaya ta bes, wato sinadari kishiyar asid irin su sodiyam haidiroksaid, da sikeli mai auna giram zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, da agogon ƙirga daƙiƙa.

Tabarau na kariya wajibi ne, ba ado ba ne. Mutane sun fi tsoron asid, amma ga ido sodiyam haidiroksaid ya fi mugunta, domin yana narkar da tsoka yana kutsawa ciki, kuma a fata ba ya yin zafi nan take, sai dai a ji wurin yana santsi kamar an shafa sabulu. Idan ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti goma sha biyar, idan ido ne kuma a nemi likita ko da raɗaɗin ya lafa. Idan har za a sirka asid mai ƙarfi, asid ake zubawa a hankali a cikin ruwa ana juyawa, ba a zuba ruwa a kan asid, domin zafin da ke fita yana iya tafasa ɗan ruwan farko ya fantsamo da asid a fuska.

Mataki na biyu: haɗa ruwan sinadaran

Gwajin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne haɗa asid haidirokulorik, HCl, da sodiyam haidiroksaid, kowanne mai ƙarfin mol 1.0 a lita. Idan ba a sami ruwan bes a haɗe ba, sai a auna giram 4.0 na ƙwayoyin NaOH, a narkar da su a ruwa tsarkakakke kamar mililita 70, sannan a ƙara ruwa har jimillar ta kai mililita 100 daidai. A yi awon da hanzari a kuma rufe kwalbar, saboda ƙwayoyin suna jan danshi da iskar kabon dayoksaid daga sarari, har a ga sun fara jiƙewa suna ƙyalli a kan sikeli, abin da ke nufin wani kaso na nauyin da aka auna ruwa ne ba sinadari ba.

A nan ne ake yin kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Narkewar NaOH a ruwa ita kanta tana fitar da zafi mai yawa, kusan kilojul 44.5 ga kowane mol (kilojul ɗaya jul dubu ne), saboda haka sabon haɗi yakan fito da ɗumi. Wanda ya yi amfani da shi nan take zai haɗa zafin narkewa da zafin da yake son aunawa. Dole a bar shi ya huce, a ajiye shi gefe guda da ruwan asid ɗin har su biyun su daidaita da matakin zafin ɗakin.

Mataki na uku: gwajin kansa

A auna mililita 50 na asid a zuba a kofin soso, a sa ma'aunin zafi a jira har lambar ta tsaya, a rubuta. A wanke ma'aunin a goge shi ya bushe kafin a tsoma shi a mililita 50 na bes ɗin da ke cikin silindarsa, domin ɗigon asid guda da ya maƙale a jikinsa zai fara haɗin tun kafin lokaci. Idan matakan biyu sun ɗan bambanta, sai a ɗauki matsakaicinsu, tun da yawan ruwan ɗaya ne. A ce asid ya nuna 24.8 bes kuma 25.2, to matakin farawa 25.0 ke nan.

Daga nan sai a juye bes ɗin gaba ɗaya a kofin a zubi guda, a rufe murfi, a riƙa kaɗa kofin a hankali ana kallon ma'auni. Lambar za ta yi tsalle cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta ɗan ci gaba da hawa, ta tsaya, sannan ta fara saukowa sannu a hankali. Lamba mafi girma da aka gani ita ake rubutawa. Kada a riƙe kofin da tafin hannu gaba ɗaya, kuma kada a cire ma'aunin daga ruwan don a karanta shi, domin da zarar kansa ya fito sarari danshin da ke jikinsa zai fara bushewa ya sanyaya shi. A maimaita gwajin aƙalla sau uku da kofi busasshe, domin awo guda ba ya nuna ko sa'a aka yi ko ƙwarewa ce.

Mataki na huɗu: lissafi

A ce lamba mafi girma ita ce 31.4. Sauyin matakin zafi ya zama 6.4. Zafin da ruwan ya karɓa ana samunsa ne ta ninka abubuwa uku: nauyin ruwan, da ƙarfin riƙe zafinsa, da sauyin matakin zafi. A rubuce shi ne q = m × c × ΔT, inda q yake zafin, m nauyin, c ƙarfin riƙe zafi, ΔT kuma sauyin matakin zafi.

Nauyin da za a sa shi ne na dukan ruwan da ke cikin kofin, ba na asid kaɗai ba. An zuba 50 an ƙara 50, saboda haka mililita 100 ne, kuma tun da ruwan sinadaran ba shi da kauri, ana ɗaukarsa tamkar ruwa zalla wanda mililita ɗaya nasa yake giram ɗaya. Na sha ganin takardar da mai ita ya yi gwajinsa tsaf, ya karanta ma'auni daidai, sannan ya rubuta 50 a wannan wuri, ya fito da rabin amsa, ya koma yana zargin asid ɗin da cewa ya lalace. Da giram 100, lissafin shi ne 100 × 4.18 × 6.4, wanda ya ba da jul 2675, wato kilojul 2.675.

Wannan adadi na wannan kofin ne kawai. Da an ninka yawan sinadaran, da shi ma ya ninku. Don a sami adadin da za a iya kwatantawa da na kowa, sai a raba shi da yawan mol. Lissafin haɗin shi ne HCl + NaOH → NaCl + H₂O, mol ɗaya na asid da mol ɗaya na bes suna ba da mol ɗaya na ruwa. An yi amfani da mol 0.050 na kowanne, saboda haka mol 0.050 na ruwa ne ya samu. Idan aka raba 2.675 da 0.050 za a sami kilojul 53.5 ga kowane mol.

Saura alama. Adadin da ake bayarwa a ƙarshe, wanda ake kira sauyin entalfi ana rubuta shi ΔH, yana magana ne da bakin sinadaran, ba da bakin ruwan ba. Ruwa ya samu, sinadarai sun rasa, don haka ΔH = −53.5 kilojul ga mol. Alamar ragi ba ta nufin sanyi, tana nufin sinadaran da suka fito suna da ƙarancin makamashi a kan waɗanda suka shiga, kuma bambancin ne ya fita a matsayin zafi.

Littattafan makaranta suna ba da kusan −57 ga wannan haɗi. Amsar da ta fito ta gaza da kimanin kashi shida cikin ɗari, kuma ya kamata a lura da ɓangaren da ta karkata. A gwajin mai fitar da zafi, kusan kullum amsar kofin soso ƙasa take faɗuwa, domin duk wata hanyar ɓata tana rage zafin ne: wani ya fita ta ramin murfi, wani ya shiga jikin ma'auni, wani ya tsaya a bangon kofi. Idan mutum ya sami amsar da ta zarce ta littafi da yawa, to ya binciki bes ɗinsa ko bai huce ba, ko kuma ƙarfin ruwan ya wuce abin da aka rubuta a kwalba.

Mataki na biyar: gane inda zafin ya fito

Idan aka sake gwajin da asid naitirik da fotasiyam haidiroksaid, amsar za ta fito kusan daidai da ta farko, kuma wannan ba dace ba ne. Asid mai ƙarfi da bes mai ƙarfi sun riga sun rabu zuwa ayon-ayon, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki, tun suna cikin kwalabensu. Ayon na sodiyam da na kulorin ba sa yin komai a haɗin, yadda suka shiga haka suke zama. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne H⁺ + OH⁻ → H₂O, kuma shi ɗin ne a kowane irin haɗi na wannan jinsi. Da asid mai rauni kamar etanoyik, amsar takan ɗan ragu, saboda ana kashe wani ɓangare na makamashin wajen raba asid ɗin kafin ya ba da haidirojin ɗinsa. Da asid salfurik kuma sai a yi hattara, domin mol ɗaya nasa yana samar da mol biyu na ruwa, kuma da mol na ruwa ake rabawa.

Tushen al'amarin yana cikin ɗaurin da ke riƙe atam da atam. Tsinka ɗauri kullum yana cin makamashi, ƙulla sabo kuma kullum yana fitar da shi. Maganar da ake yawan ji cewa makamashi yana ɓoye a cikin ɗauri, yana fitowa idan an tsinka shi, juyin waina ce aka yi wa gaskiya. Misali mafi sauƙi shi ne H₂ + Cl₂ → 2HCl. Tsinka mol ɗaya na ɗaurin H–H yana cin kilojul 436, na Cl–Cl yana cin 242, jimilla 678. Ƙulla mol biyu na H–Cl, kowanne 431, yana fitar da 862. Abin da aka kashe a cire abin da aka samu, 678 − 862, ya ba da −184, wanda ya yi kusa ƙwarai da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Haɗi yana zama mai fitar da zafi ne idan sabon ɗaurin ya fi tsohon ƙarfi a jimilla.

Wannan kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa iskar gas ba ta kamawa da kanta duk da tana cuɗanya da oksijin, sai an kawo mata tartsatsi. Tsinkawa ce ke zuwa da farko, kuma tana buƙatar jari, wanda ake kira makamashin tayarwa. Sinadarin da ke hanzarta haɗi ba tare da ya ƙare ba, wato katalis, wannan jarin yake ragewa, amma ba ya taɓa ΔH ko kaɗan.

Idan kofin sanyi ya yi

Don a ga ɗaya ɓangaren, a auna giram 5.35 na amoniyam kuloraid, wanda shi ne mol 0.10 tun da mol ɗaya nasa giram 53.5 ne. A niƙa shi ya yi laushi don ya narke da wuri. A zuba ruwa mililita 50 a kofin soso, a rubuta matakinsa, a juye garin, a rufe, a kaɗa har ya narke duka, a rubuta lamba mafi ƙanƙanta. A ce ta sauka daga 25.0 zuwa 18.5, sauyin 6.5 ne, zafin da ruwan ya rasa kuma 50 × 4.18 × 6.5, wato jul 1359. Idan aka raba da 0.10 za a sami ΔH = +13.6 kilojul ga mol, alhali adadin littafi kusan +14.8 ne. A nan ma amsar ta gaza, amma dalilin ya juya: ɗakin ne ya fi kofin ɗumi, zafi yana shigowa daga waje yana hana lambar sauka iyakar inda ya kamata. Da wannan hanya ce jakar sanyi ta gaggawa da ake ɗorawa a kan targaɗe take aiki, inda ake fasa ƙaramar jakar ruwa a ciki ta haɗu da amoniyam naitiret ko yuriya.

Idan haɗin yana jan ƙafa

Asid da bes suna gamawa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa lamba mafi girma ta wadatar. Garin ƙarfen zinki a cikin shuɗin ruwan kofa salfet, sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe, kuwa yakan ɗauki mintuna, kuma a tsawon wannan lokaci kofin yana zubar da zafi yayin da haɗin ke ci gaba da samar da shi. Lamba mafi girma da za a gani ba ita ce ta gaskiya ba, domin kafin a kai gare ta an riga an yi asara. Maganin wannan shi ne zane, kuma a ganina nan ne ɗalibi yake fara aiki irin na masana.

A zuba mililita 50 na kofa salfet mai ƙarfin mol 0.20 a lita, wato mol 0.010. Zinkin da ake buƙata giram 0.65 ne, amma sai a auna kamar giram 1.5 don ya yi rara, ta yadda kofa salfet ɗin ne zai ƙare, kuma da mol nasa za a yi rabo. A tada agogo, a rubuta matakin zafi a minti na 0 da 1 da 2 da 3. A minti na 4 a juye zinkin, ba tare da an karanta ma'auni ba, a rufe a ci gaba da kaɗawa. Daga minti na 5 a riƙa rubutawa kowane minti har na 15. Yayin da ake haka za a ga shuɗin ruwan yana dusashewa har ya koma fari, jan ƙarfe kuma yana taruwa a gindin kofin kamar jar laka.

Sai a zana jadawali, lokaci a kwance matakin zafi a tsaye. Ɗigon farko guda huɗu za su ba da layi a kwance, a miƙa shi zuwa minti na 4. Ɗigon ƙarshe, waɗanda ke saukowa a hankali bayan an wuce ƙololuwa, su ma a ja musu miƙaƙƙen layi, a mayar da shi baya har minti na 4. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu a daidai wannan minti ita ce ΔT da za a samu da a ce haɗin ya gama nan take ba tare da asara ba. A ce an fara da 25.0, ƙololuwar da ido ya gani 34.2 ce, amma layin ya koma ya taɓa 35.0. Da 9.2 amsar za ta zama kusan −192, da 10.0 kuma 50 × 4.18 × 10.0 ya ba da jul 2090, wato −209 kilojul ga mol. Adadin da aka sani kusan −219 ne. Ba a sa nauyin zinkin a cikin m ba, saboda ƙarfin riƙe zafinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwa ba, kuma ɗan kaɗan ne.

Gwajin ƙona man etanol a ƙarƙashin gwangwanin ruwa yana bin wannan lissafi, amma kada a sa rai da yawa. Adadin gaskiya −1367 kilojul ne ga mol, harshen wuta kuma a fili yake, yawancin zafinsa iska ke kwashewa, baƙin da ke taruwa a gindin gwangwanin kuma shaida ce cewa man bai ƙone duka ba. Don irin wannan ne aka ƙera rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ake cika wa oksijin a nutsar da ita cikin ruwa, wadda Berthelot ya inganta a ƙarshen ƙarni na 19. Kafin shi da kusan shekara ɗari, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace sun yi amfani da ƙanƙara a matsayin shaida, suna auna ruwan da ya narke, kasancewar kowane giram na ƙanƙara yana shan jul 334 kafin ya narke.

Auna abin da ba ya aunuwa kai tsaye

A shekarar 1840, Germain Hess, wanda ke aiki a birnin San Fitasbag na Rasha, ya bayyana cewa jimillar zafin haɗi ba ta damu da hanyar da aka bi ba, mafari da maƙura kawai take dubawa. Amfanin wannan doka yana fitowa ne a inda gwaji kai tsaye ba zai yiwu ba. Ba a iya ƙona kabon ya tsaya a kabon monoksaid zalla, domin wani kaso zai wuce zuwa kabon dayoksaid. Amma an san ƙona kabon har zuwa CO₂ yana ba da −393.5, ƙona CO zuwa CO₂ kuma −283.0, saboda haka zangon farko dole ya zama −393.5 − (−283.0), wato −110.5 kilojul ga mol.

Ana iya gwada dokar da kofin soso. Farin garin kofa salfet marar ruwa, CuSO₄, yana shan mol biyar na ruwa ya koma shuɗin lu'ulu'u, CuSO₄·5H₂O, amma ba za a iya tsoma ma'aunin zafi a busasshen gari a zuba masa ruwa daidai gwargwado a sami awo mai ma'ana ba. Sai a bi ta bayan gida, a narkar da kowannensu dabam, tun da duka biyun ruwan sinadari iri ɗaya suke bayarwa. A kofi na farko a zuba ruwa giram 50 a narkar da giram 3.99 na farin garin, wato mol 0.025. A na biyu a narkar da giram 6.24 na shuɗin, shi ma mol 0.025, amma a ruwa giram 47.75, domin lu'ulu'un yana tafe da nasa ruwan giram 2.25, kuma a lissafi giram 50 za a sa a duka biyun. Na farko zai ɗumama da kusan digiri takwas, kuma ana yi masa zanen miƙa layi domin farin garin yakan dunƙule ya yi jinkirin narkewa. Na biyu zai yi sanyi da abin da bai kai digiri ɗaya da rabi ba, inda ma'auni mai nuna kashi ɗaya cikin goma yake zama dole. Adadin da littattafai ke bayarwa kusan −66.5 ne ga na farko da +11.7 ga na biyu, kuma idan aka cire na biyu daga na farko za a sami kusan −78 kilojul ga mol. A duba farin garin kafin a auna shi: idan ya fara shuɗi-shuɗi a cikin kwalba, to ya riga ya sha danshi, sai an gasa shi a hankali ya koma fari, a bar shi ya huce a rufaffen mazubi. Ruwan kofa salfet da ya rage bayan gwajin kuma a tara shi a kwalbar shara ta sinadarai, kada a zuba shi a magudana, domin guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa.